Kwana 9 da yi wa Mama aikin ƙugu filasta na jiƙewa, mu jira ranar cire ɗinki ko mu koma?

Yar Auta:
Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min. An yi wa mahaifiyata aikin canjin gaɓar ƙugu, ɓangaren dama, yau kwana 9. Da aka sallame mu aka ce mu dawo kwana na 14 a cire ƙananan ƙarafunan da aka ɗinke wurin da su. Alhamdulillah tana takawa da sanda, tana bacci, to amma tun shekaranjiya nake ganin filastan yana jiƙewa ta ƙasa, ruwa ne tsararo ruwan ɗorawa da ɗan jini-jini a ciki, ba wari ba mugunya, na canza da daddare da safe na tarar ya sake jiƙewa. Ba ta da zazzaɓi. Yayana yace mu bari kawai tunda saura kwana 5, ni kuma wlh hankalina ya ƙi kwanciya. Ya zan yi?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. Sannu yata, Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma Allah ya ba ki ladan jinya. Ni ma an min wannan aikin, kuma nawa ma ya yi ruwa, kwana biyu zuwa uku ya ɗauke da kansa. Indai ba zazzaɓi ba wari ki kwantar da hankalinki, ki de riƙa canza filastan.

Baban Biyu:
Ki samu spirit ko hydrogen peroxide ki riƙa goge wurin safe da yamma se ki bar shi a buɗe ya sha iska, rufewar ce ke sa shi ruwa. Sannan ki je kemis ki karɓo mata antibayotik na kwana biyar, kafin ranar komawa ze bushe insha Allah

Sista Mai Ritaya:
Yar Auta ki tsaya tukuna, kar ki sa komai a wurin kuma kar ki ba ta antibayotik ko ƙwaya ɗaya. Yau ɗin nan ki kira asibitin da aka yi aikin, in ba ki samu kowa a waya ba ki ɗauke ta ku tafi, ba sai ranar 14 ba. Hajiya ki yi haƙuri, tambaya zan yi: ruwan naki a wane lokaci ya zo? Don ruwa a kwana na 2 ko na 3 bayan aiki abu ne da muke gani kullum a ward, amma na kwana na 9, kuma wanda ya dawo bayan wurin ya bushe, wannan wani zance ne daban.

Hajiya Babba:
Eh to nawa tun muna asibiti ne, kafin a sallame ni ya tsaya

Yar Auta:
Sista wallahi haka ne, lokacin da aka sallame mu a bushe yake ƙarau. Amma ba zazzaɓi fa, na auna ɗazu 36.8

Sista Mai Ritaya:
Tana shan paracetamol ko wani maganin ciwo a kan lokaci ko? To waɗannan suna danne zazzaɓi, se ma'auni ya nuna miki lafiya alhali da abu a ƙasa. Kuma tsofaffi sau da yawa jikinsu baya nuna zafi kaman na yara, za ki ga de mutum ya yi laushi, ya daina son abinci, ko ya fara ruɗewa. 38 zuwa sama alama ce babba, amma rashinta ba takardar lafiya ba ce.

Baban Biyu:
Sista da girmamawa, ku ma'aikatan lafiya kuna yawan tsorata mutane. Ciwo ai ciwo ne, mu da muka taso ana wanke mana da spirit ba ga mu nan ba. Tsohuwa da ƙyar take shiga mota se a ce a ɗauke ta a kan ɗan ruwa

Likitan Ƙashi:
Malam Baban Biyu, maganar wahalar ɗaukar tsohuwa gaskiya ce ban raina ta ba. Amma ciwon nan ba irin na faɗuwa a babur ba ne, bambancin yana ƙarƙashin fatar. A ƙasan ɗinkin nan akwai ƙarfe da roba ko tangaran da aka dasa, su kuma jini ba ya ratsa su, sojojin jiki ba sa iya kare su yadda suke kare nama. In ƙwayar cuta ta isa wurin, galibi Staphylococcus ce wadda dama tana zaune a fatar kowa, sai ta manne ta yi wa kanta wani yauƙi ta ɓuya a ciki, kamar yauƙin nan da ke kama cikin randa in an daɗe ba a wanke ba, zuba sabon ruwa ba ya fitar da shi sai an kankare. Shi ya sa antibayotik kaɗai ba ya gamawa da ita.

Ruwan da ke fita kuwa yana nufin akwai hanya a buɗe tsakanin waje da ciki, duk hanyar da ruwa ya bi ya fito ƙwayar cuta za ta iya bi ta shiga. Yana iya yiwuwa a yanzu babu infekshan ko kaɗan, jini ne ya taru a ƙasa yake tsinkewa yana fita, amma duk kwanan da aka ƙara wurin yana jiƙe haɗarin ƙaruwa yake.

Ba abu ne mai yawan faruwa ba, a aikin farko wajen mutum 1 zuwa 2 ne cikin 100 cutar ke kai wa ga ƙarfen. Abin da ya sa muke ɗaga murya shi ne lokaci. In an kama da wuri, cikin kusan sati 4 na farko, sau da yawa ana iya komawa tiyata a wanke wurin sosai a canza ƙwallon gaɓar da aka dasa da robar a bar sauran ƙarfen a wurinsa. In aka makara kuwa yawanci sai an cire komai, a sa siminti mai magani ya riƙe gurbin, a yi wajen sati 6 ana antibayotik, sannan a sake wani babban aikin a dasa sabo. Ka auna wannan da wahalar shiga mota yau.

Maman Tagwaye:
Innalillahi. Dakta to shi antibayotik ɗin in an fara kafin a je asibiti meye illarsa, ni da na ɗauka ko ba komai ze rage

Likitan Ƙashi:
Illarsa ita ce yana ɓata mana gwaji. In muna zargin cutar ta yi ciki muna ɗebo ruwa daga cikin gaɓar da allura, ko mu ɗebi nama a tiyata, a kai lab a shuka a ga wace ƙwaya ce kuma wane magani ke kashe ta. Wanda ya riga ya sha magani sai a shuka abu ya ƙi fitowa, cutar tana nan amma mun rasa sunanta, mu koma lalube. Ga shi kuma yana lafar da alamu na ɗan lokaci, iyali su ce an samu sauƙi, sati biyu su wuce, lokacin da ake iya ceton ƙarfen ya tafi.

Sista Mai Ritaya:
Na spirit da peroxide kuma, eh suna kashe ƙwayoyin cuta amma suna haɗawa da sabbin ƙwayoyin naman da ke ƙoƙarin haɗe bakin ciwon. Kumfar nan da peroxide ke yi tana burge mutane su ga kaman datti ne ke fita. Haka Vaseline, hoda, man shafawa, da fasa kafso a barbaɗa garin a kan ɗinki, duk a'a har sai wurin ya rufe. Barinsa a buɗe ya sha iska ma ba na wurin da ke tsiyaya ba ne, ga zanin gado ga hannu ga tufafi duk suna gogarsa.

Baban Biyu:
To shikenan ku ne masana. Amma har yanzu ina ganin ana kambama abin, mutane nawa aka yi wa aiki suka warke ba tare da wannan duka ba

Likitan Ƙashi:
Da yawa kam, kuma galibinsu saboda an kiyaye waɗannan abubuwan ne. John Charnley, likitan da ya kafa irin wannan aikin na zamani a asibitin Wrightington a Ingila wajen 1962, infekshan na daga cikin abin da ya fi damunsa, har ya sa aka haɗa masa wani keɓaɓɓen wurin tiyata mai tace iska da riguna masu rufe likita gaba ɗaya. Tun asali masu aikin nan da wannan tsoron suka taso.

Yar Auta:
Nagode Dakta nagode Sista. Na kira an ce mu zo yanzu. Tambaya ɗaya kafin mu fita, tana shan Xarelto kullum, wata maƙociyarmu ta ce shi ke sa ruwan in tsayar da shi, in tsayar?

Likitan Ƙashi:
Kar ki tsayar da kanki. Gaskiya ne magungunan tsinka jini, Xarelto ko allurar Clexane ko aspirin, suna iya sa wuri ya riƙa tsiyaya, amma an ba ta ne don kar jini ya daskare a jijiyar ƙafa ya ɓalle ya tafi huhu, kuma bayan aikin ƙugu akan ci gaba da su har wajen kwana 28 zuwa 35. Ragewa ko canzawa hukuncin likitanta ne bayan ya ga wurin. Ki tafi da kwalin maganin da duk wani abu da take sha, har wanda ba asibiti suka rubuta ba. In kina da hoton filastan da kika cire ki nuna musu, in kuma yana nan ki sa a leda ki tafi da shi su ga yawan ruwan.

Hajiya Babba:
Allah ya sa a dace yata. Ki sa mata filo a kujerar mota ta ɗan yi tudu, a tura kujerar baya sosai, ta fara zama sannan a shigar da ƙafafun tare

Ɗan Baba:
Salam. Ina ta karantawa, bari in shigo da tawa. Mahaifina sati mai zuwa za a yi mai irin wannan aikin, yana da ciwon suga kuma yana da jiki sosai, ni zan yi jinyarsa. Ana cewa a duba ja a gefen ciwo, to Baba baƙi ne wuluk ta ina zan ga ja?

Sista Mai Ritaya:
Madalla da wannan tambayar, don takardun sallama duk ja ja suke rubutawa. A baƙar fata ba lallai ka ga ja ba, se de ka ga wurin ya fi kewayensa duhu ko ya yi wani shuɗi-shuɗi, fatar ta ɗame tana sheƙi. Hannunka ya fi idonka aiki a nan: ka wanke hannu, ka ɗora bayan hannunka a gefen filastan sannan ka ɗora a wuri ɗaya a ɗaya cinyar ka ji bambancin zafi, ka ji ko ya yi tauri. Ɗan ɗumi da kumburi a satin farko ba abin tashin hankali ba ne, abin lura shi ne yana raguwa ko yana ƙaruwa. In ka ga wani wuri ya canza launi ka zagaye iyakarsa da biro a kan lafiyayyar fata, gobe ka duba ya tsallake layin ko yana ciki. Kullum ka ɗauki hoto a lokaci ɗaya da haske iri ɗaya. Sai ciwo, na aiki kullum sauƙi yake yi ko da a hankali, wanda ya lafa sannan ya dawo yana zogi har ya hana bacci a sanar da likita.

Suga kuwa shi ne babban aikinka. In ya hau ciwo baya haɗewa da wuri kuma ƙwayoyin cuta sun samu abin da suke so, kuma wahalar tiyata kanta tana ɗaga shi ko da maganinsa bai canza ba, don haka aunawa za ta fi ta da yawa a kwanakin nan. Ka tambaye su tun kafin aiki wane lamba suke so ya tsaya a kai da wanda in ya wuce za ka kira. In yana shan taba ya ajiye tun yanzu, tana takura ƙananan jijiyoyin da ke kai jini bakin ciwon.

Mai Gashin Ƙashi:
Ɗan Baba ka kuma tambayi likitan ta ina za a yanka, ta gaba ko ta gefe ko ta baya, don yana canza jinyar. In ta baya ne shi Baba ba ze iya ganin wurin ba, kuma kar ya ce ze murɗa jiki ya leƙa, irin wannan murɗawar da lanƙwasa ƙugu ya wuce digiri 90 da harɗe ƙafa su ne ake hana su a satittikan farko, yawanci sati 6, don kar ƙwallon ya goce. Kai ne idonsa. In ta gaba ne kuma ga shi da teɓa, ɗinkin yana kusa da matsematsi, naman ciki yana faɗowa ya rufe wurin gumi ya taru, se an riƙa ɗaga wurin ana tabbatarwa a bushe yake.

Wani abu da ke firgita masu jinya, bayan kwanaki se ka ga cinya ta yi baƙi-baƙi abin yana gangarowa gwiwa har idon sawu. Jinin da ya kwanta ne yake bin nauyi yana sauka, yana washewa da kansa. Kumburin ƙafa ma yakan ɗau watanni. In za ka sa ƙanƙara ka naɗe ta a tawul, minti 15 zuwa 20, kar ta taɓa fata kai tsaye kuma kar ta jiƙa filasta. Wanda ba a jira da shi shi ne sharaɓa ta kumbura ta yi tauri tana ciwo, ko numfashi ya fara sama-sama ko ciwon ƙirji, wannan gaggawa ne ko tsakar dare ne.

Yar Auta:
Yan uwa mun iso an duba ta. Sun ɗebi jini na CRP, gwajin da ke taimakawa a gano infekshan, da sauransu, likitan yace akwai jinin da ya taru a ƙarƙashin ɗinkin, ya canza mata tsarin maganin tsinka jinin, an sa wani filasta na musamman kuma sun riƙe ta su ga yanda ze yi, yace in bai tsaya ba za su shiga su wanke. Ba su fara antibayotik ba tukuna. A taya mu da addu'a

Maman Tagwaye:
Allah ya tashi kafaɗunta, ya sa kaffara ne

Hajiya Babba:
Amin ya Allah. Ki samu ki ɗan runtsa ke ma

Ɗan Baba:
Allah ya ba ta lafiya Yar Auta. Sista wanka fa? Baba mutum ne da baya iya kwana bai yi wanka ba, kuma wani lokacin da daddare fitsari yana kufce mai kafin ya kai bayi

Sista Mai Ritaya:
Wanka ya danganta da irin filastan. Akwai mai hana ruwa shiga, shi ana iya barinsa har kwana 7 ko fiye ba a taɓa ba indai bai jiƙe ba bai ɗago ba, kuma da shi ze iya watsa ruwa a tsaye ko a kan doguwar kujera in likita ya yarda. In na auduga da gam ne to goge jiki da tawul za a yi a kauce wa wurin. Masu jinya suna son ɓare filasta kullum su leƙa, ka daure, duk buɗewa dama ce ga datti. Zama cikin ruwa a baho ko iyo kuwa babu shi har sai ɗinki ya fita wurin ya rufe ruf likita ya ce to, yawanci sati 4 zuwa 6. Bayan an bar wurin a buɗe ruwa da sabulu mara ƙarfi su bi ta kai kawai, ba soso ba dirza, a dangwala tawul mai tsabta a busar.

Maganar fitsarin ka faɗa wa nas-nas tun ranar kwanciya, ba abin kunya ba ne kuma yana da muhimmanci, don wurin aikin kusa yake. Ka ajiye mai robar fitsari a gefen gado, hakan ze rage mai saurin tashi cikin duhu ma wanda shi ke jawo faɗuwa. Duk lokacin da fitsari ko bayan gida ya taɓa filasta ko ya shiga ta gefe canzawa za a yi nan take ba a jira safiya. Ka roƙi su nuna maka canjin sau ɗaya a gabanka kafin sallama: wanke hannu da sabulu, safar hannu, a ɓare a hankali ana danne fata da ɗaya hannun don fatar tsofaffi tana saɓulewa, kar yatsa ya taɓa cikin sabon filastan, kuma kar a ja shi a ɗame lokacin mannawa, shi ke sa fata ta yi bororo a gefe.

Maman Tagwaye:
Sista ni tawa ta tabo ce. Ƙanwar babana wata 2 kenan da nata, ya warke amma tace gefen wurin kaman ba jikinta ba, ga ƙaiƙayi

Mai Gashin Ƙashi:
Wannan ana samu sosai, ƙananan jijiyoyin fata ne aka ratsa wajen yanka. Yana raguwa a hankali cikin watanni, wasu ɗan wurin yakan zauna haka kuma baya hana komai. Tunda ya rufe ba ɓawo ba ruwa, za ta iya shafa mai mara turare tana murza tabon a hankali da yatsa don kar ya manne da naman ƙasa, kar de ta sosa da farce. Tabon kansa yana kai shekara yana laushi yana canza launi, in jikinta mai yin tabo mai tudu ne ta nuna wa likita da wuri.

Likitan Ƙashi:
Maman Tagwaye ki ƙara mata da wannan. Ko bayan shekaru ƙwayar cuta na iya bin jini daga wani wurin ta sauka a kan ƙarfen, daga ruɓaɓɓen haƙori, ciwon mafitsara, maruru, ko gyambo a ƙafa musamman ga mai suga, don haka irin waɗannan ba ta barinsu su daɗe, kuma duk likitan da za ta gani ta gaya masa tana da ƙarfe a ƙugu. In wata rana ƙugun da ya daɗe lafiya ya fara ciwo haka kawai, ko wani ɗan ƙurji ya fito a kan tabon yana tsiyaya yana rufewa yana sake buɗewa, kar a matse shi kar a wanke a gida, wurin likitan ƙashi za ta je.

Ɗan Baba:
Dakta cire ƙarafunan ɗinkin fa, dole se a asibitin da aka yi ko nas ɗin unguwa ze iya zuwa gida ya cire?

Likitan Ƙashi:
Cirewar ba ta da wuya, da ɗan almakashinta na musamman, mintuna kaɗan ne kuma zafinta kaɗan ne. Yawanci tsakanin kwana 10 zuwa 14 ake yi, wasu ma zare mai narkewa ko gam ake sa musu babu abin cirewa. Amma ga mai suga mai jiki kamar Baba na fi son wanda ya yi aikin ko wani daga cikin tawagarsa ya gani da idonsa, don wani lokacin mukan cire rabi, a tsallake ɗaya a cire ɗaya, a bar sauran su ƙara kwanaki in bakin bai gama kamawa ba. Ka tambaye su wannan tun kafin sallama, ka kuma karɓi lambar da za ka kira in abu ya taso da dare ko ranar hutu.